Baƙin Man Babur: Kada Ya Gaza, Kada Ya Wuce Kima

Darasi domin ƙungiyoyin taimakon kai da kai, matasa, zumuntar mata da masu kula da kayan ikkilisiya

A ƙauyukanmu na Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, babur ya gaji aikin jaki. Shi ne ke kai buhun masara kasuwar Kwanar Ɗangora, shi ne ke ɗauko taki, shi ne ke kai mai bishara ƙauyen da mota ba ta shiga da damina. Idan naƙuda ta yi wa mace gardama da tsakar dare, ko maciji ya sari yaro a gona, babur ɗin nan ne zai kai su asibitin Tudun Wada ko na Doguwa. A wurare da yawa babur ɗaya ne tak a unguwa. Wani na ikkilisiya ne, an saye shi da baikon jama'a. Wani kuma na gida ne, an sayar da sa ko amfanin gona na shekara guda kafin a same shi.

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin kayan gyara da na baƙin mai sun hau ƙwarai. Injin da ya buga yau yakan sa a jingine babur wata da watanni ana neman kuɗi. Sau da yawa kuwa abin da ya jawo bugawar ƙaramin abu ne: man da ke cikin injin ya gaza, ko an zuba ya wuce kima. Wannan darasi zai koya mana yadda ake duba shi daidai. Aikin ba ya ɗaukar dogon lokaci, kuma ba ya bukatar kuɗi.

AIKIN DA BAƘIN MAI YAKE YI

Wasu manyan baburan Amurka, irin su Harley-Davidson, suna da wurin zuba mai har uku: na inji daban, na giya daban, na akwatin kuloci daban. Baburan da muke hawa a nan, irin Bajaj Boxer na Indiya, da Haojue na ƙasar Sin, da ƙananan da muke kira roba-roba, wuri ɗaya gare su. Man da ka zuba a wannan wuri shi kaɗai ne zai yi wa inji da kuloci da giya aiki, kuma yawansa kusan lita 1 ne, a wasu ma bai kai ba.

Ga abin da wannan ɗan mai yake yi:

• Yana shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe don kada su ci juna.

• Yana kwashe zafi. Waɗannan babura ba su da lagireto irin na mota, iska da mai ne kawai ke sanyaya su.

• Yana wanke dauɗar hayaƙi da garin ƙarfe, ya tara su a rariyar da ke ƙasan inji.

• Yana jiƙa faifayen kuloci, domin kulocin waɗannan babura a cikin mai yake aiki.

Mota takan ɗauki lita 4 ko fiye, saboda haka in ta rasa kofi ɗaya ba za ta ji sosai ba. Babur mai lita 1 in ya rasa kofi ɗaya ya rasa kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na mansa.

A shekarar 1975 kamfanin Honda na Japan ya fito da babur CG125, bayan ma'aikatansa sun zaga ƙasashen Asiya sun ga yadda ake ɗora wa babura kaya fiye da ƙarfinsu, ana kuma barin mai har ya yi kauri ba a canza ba. Suka ƙera inji mai jure wahala, kuma baburan Sin da yawa da ke ƙasarmu kwaikwayon wannan inji ne. Wannan juriya ce take ruɗin mutane, har suna cewa babur ba ya son komai sai fetur. Injin zai yi haƙuri na ɗan lokaci, amma kowace tafiya da ƙarancin mai tana rage masa kwana.

IDAN MAI YA GAZA

A ƙasan inji akwai ɗan famfo da ke zuƙo mai ya tura shi sama. In mai ya yi ƙasa, famfon yakan zuƙi iska, musamman a hawan tudu irin na wajen Riruwai, ko a hanya mai gargada inda mai ke ta karkata gaba da baya. Kan injin ne ke fara bushewa. Za ka ji ƙara tana ƙaruwa kamar ana kaɗa ƙananan ƙarafa, zafi ya yi yawa har ka ji shi a ƙafarka, ƙarfin babur ya ragu. In aka ci gaba da tafiya, fistin zai kumbura saboda zafi ya manne. Wannan shi ne bugawar inji. In ta faru ana cikin gudu, tayar baya tana iya cijewa ta kayar da mutane. Wanda ya san hanyar dajin Falgore ya san ba wurin da mutum zai so ya tsaya da mataccen babur ba ne, balle da mara lafiya a baya.

IDAN MAI YA WUCE KIMA

Mutane da yawa suna tsammani in an cika mai fal an kyauta wa inji. Ba haka ba ne. A cikin inji akwai ƙarfen da ke juyawa sau dubbai a minti ɗaya. In mai ya hau ya same shi, sai ya riƙa kaɗa man kamar yadda maburgi ke kaɗa miya, har ya yi kumfa. Kumfa iska ce, ba ta hana ƙarfe cin ƙarfe. Ban da haka, man da ya yi yawa yana neman hanyar fita. Yakan tura robobin da ke tare shi su fara yoyo, ya bi ta tiyon numfashin inji ya jiƙa matatar iska, ya ɓata fulogi, salansa ta riƙa fitar da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi. Kuloci ma yakan ƙi saki sosai: ka matse shi amma babur yana ɗan ja, giya tana wuyar shiga, firi yana wuyar samu.

Yawancin wannan matsala daga gorar lita 1 take fitowa. Mai babur ya biya kuɗin gora guda, yana ganin hasara ce a bar saura, sai ya ce wa yaron bakanike ya juye duka. Alhali ko an kwance notin ƙasa, ba dukan tsohon mai ne ke fita ba, akwai wanda ke maƙalewa a ciki. Roba-roba kuwa tun asali ba ya ɗaukar lita guda. A jikin injin wasu babura, kusa da bakin zuba mai, an rubuta yawan da ake bukata, misali 900 ml ko 1000 ml. Ku duba naku. Abin da ya rage a gora a rufe shi da kyau a ajiye domin ciko.

YADDA AKE DUBAWA

Murfin da ake buɗewa a zuba mai yana da ɗan tsinke a jikinsa, wanda ake kira geji. A ƙarshen tsinken akwai alama biyu, ta sama da ta ƙasa, ko kuma wani ɗan wuri mai zane-zane. Wasu babura kuma suna da 'yar taga ta gilashi a ƙasan inji ta hannun dama, mai layi biyu. Ko wanne gare ka, dokar ɗaya ce: mai ya tsaya tsakanin alamun biyu, ya fi kusa da ta sama.

1. Ka kai babur wuri mai daidai, ba gangare ba, ba kan kunya ba.

2. Ka tayar da inji ya yi minti uku zuwa biyar, sa'an nan ka kashe.

3. Ka jira minti biyu ko uku, man da ya hau sama ya sauko.

4. Ka kafe babur a kan ƙafarsa ta tsakiya. In ba shi da ita, wani ya riƙe maka shi a miƙe sak.

5. Ka share ƙurar da ke kewaye da murfi kafin ka buɗe, don kada yashi ya faɗa ciki.

6. Ka zaro geji, ka goge shi da tsumma mai tsabta.

7. Ka mayar da shi ya zauna a bakin ramin, kada ka murɗa. Haka ake yi a Honda da yawancin masu kwaikwayonsa. In littafin babur ɗinka ya faɗi wani abu dabam, ka bi littafin.

8. Ka sake zarowa ka duba inda mai ya tsaya.

9. In ya gaza, ka ƙara kaɗan, ka jira minti ɗaya, ka sake aunawa. Abin da ke tsakanin alamun biyu ba shi da yawa.

10. Ka mayar da murfi ka ɗaure da hannu, ka tabbata 'yar robar da ke wuyansa tana nan.

In ka tarar mai ya haura alamar sama, a rage. Ana iya zuƙe shi ta bakin zubawa da sabon sirinji da ɗan siririn tiyo, ko a sassauta notin ƙasa kaɗan ya ɗiga a kwano bayan inji ya huce.

ABUBUWA UKU DA KE SA GEJI YA YI ƘARYA

Na fari, aunawa a kan ƙafar gefe. Babur yana karkata hagu, geji kuwa yawanci a dama yake. Mai zai gangara hagu, geji ya nuna babu, mutum ya yi ta zubawa har ya wuce kima.

Na biyu, aunawa nan take bayan an dawo daga tafiya. Man yana sama bai sauko ba tukuna, nan ma geji zai nuna ƙasa da gaskiya.

Na uku, murɗa geji har ƙarshe a babur ɗin da ba a yi shi don haka ba. Tsinken zai nutse fiye da yadda ya kamata, ya nuna akwai mai alhali ya gaza. Wannan ya fi sauran haɗari, domin mutum zai kama hanya da kwanciyar rai.

ABIN DA KAMANNIN MAI KE FAƊA MAKA

Ruwa ba ya tsami banza. Kowace safiya da ka zaro geji, ka dubi man, ka murza shi tsakanin yatsu biyu, ka shinshina.

• In ya yi fari-fari kamar shayi da madara, ruwa ya shiga. Wannan yakan faru bayan an tsallake rafi da damina, ko an wanke babur a bakin ruwa. A yi juye nan da nan, kada a jira.

• In yana warin fetur, ya tsinke kamar ruwa, kuma kullum yana ƙaruwa maimakon raguwa, kabureta ce ke yoyon fetur zuwa cikin inji. A gyara ta, a yi juye, a kuma riƙa rufe makunnin fetur da dare.

• In kana ganin ƙyalli kamar garin azurfa, wani ƙarfe yana cinyewa. A kai wa bakanike tun abin bai girma ba.

• In kana jin yashi-yashi, ƙura tana shiga. A duba matatar iska, musamman da hunturu.

• In mai yana raguwa da sauri, a duba ƙasa inda babur ya kwana ko akwai ɗigo. In babu ɗigo amma akwai hayaƙi, injin ne ke shan mai.

Baƙi kaɗai ba laifi ba ne, domin mai yakan yi duhu saboda dauɗar da ya wanke. Amma in ya yi kauri kamar kwalta, an daɗe da wuce lokacin juye.

WANE MAI ZA A SAYA?

A nemi wanda aka rubuta 4T a jikin gorarsa. Lambar da aka fi ba irin baburanmu a ƙasa mai zafi ita ce 20W-50, sai dai in littafin babur ya faɗi wata. A kuma duba ko akwai JASO MA ko MA2. Wannan alama ce da masu ƙera motoci da babura na Japan suka kafa a 1998, domin a gane man da ba zai sa kuloci ya riƙa sulɓewa ba. Wasu mayukan mota na zamani suna da sinadarin ƙara santsi. Suna da kyau ga mota, amma a babur sukan sa ka ba da wuta inji ya yi ta ihu, babur kuwa ba ya gaba.

Araha ba ta ado. Man da ake aunawa a kwalba a bakin hanya ba wanda ya san asalinsa. Akwai masu tace tsohon mai su zuba a gorar kamfani, kuma hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta sha kama irin wannan jabu a ƙasar nan. Ku sayi mai hatimi a rufe, a gidan mai ko shagon da kuka amince da shi, a buɗe a gabanku. Ƙungiya tana iya haɗa kuɗi ta sayo kwali guda daga Kano ko Zariya, kowa ya samu da sauƙi. Gorar da ta ƙare kuma a huda ta, don kada ta koma hannun masu jabu.

GA MASU TSOHON JINCHENG MAI HAYAƘI

Har yanzu akwai baburan da ke ƙona mai tare da fetur, irin Jincheng AX100 da tsofaffin Suzuki da Yamaha. Su mai iri biyu suke sha. Na farko shi ne 2T, wanda ake zubawa a ɗan tankin gefe, ko a gauraya da fetur. Shi yana ƙarewa kullum, kuma ranar da ya ƙare inji zai buga. Na biyu shi ne man akwatin giya da kuloci. Shi ba ya ƙonewa, shi ya sa ake mantawa da shi shekara guda. Wasu suna da geji, wasu kuma ɗan kusa ne a gefen murfin kuloci. Ana tsayar da babur a miƙe, a kwance kusan, a zuba mai a hankali har ya fara leƙowa ta ramin, sai a tsaya a ɗaure. Kada a zuba 2T a akwatin giya, kada kuma a zuba tsohon man juye a tankin 2T.

LOKACIN JUYE

Sabon babur, ko injin da aka yi wa babban gyara, yana bukatar juyen farko da wuri, tsakanin kilomita 500 zuwa 1,000, gwargwadon abin da littafinsa ya ce, domin sababbin ƙarafa suna zubar da gari. Bayan haka a bi littafin, amma a tuna cewa ƙura da kaya masu nauyi da zafin bazara suna gajiyar da mai da wuri. In agogon kilomita ya mutu, a tsayar da rana, a rubuta. Ciko ba ya maye gurbin juye, domin dauɗar tana nan a ciki. A yi juye inji yana da ɗumi, a wanke rariya, a mayar da wosha. Kada a ɗaure notin ƙasa da ƙarfin tsiya, domin jikin inji alminiyom ne, haƙoransa suna saurin cinyewa. Bayan an zuba sabon mai a tayar da inji, a kashe, a jira, a auna kamar yadda muka koya.

Tsohon mai guba ne. Kada a zubar da shi kusa da rijiya, ko rafi, ko fadama. Kada a shafa wa ciwo, ko ƙaiƙayi, ko dabba mai kaska. Kada a zuba shi a gorar lemo inda yaro zai gani ya sha. A tara a jarka mai murfi a mayar wa bakanike, a kuma wanke hannu da sabulu.

BABUR NA JAMA'A

Babur ɗin ikkilisiya ya fi kowanne shiga haɗari. Yau fasto ya hau, gobe shugaban matasa, jibi wani ya ara zuwa biki. Kowa yana tsammani wanda ya hau kafinsa ya duba mai. Ga shawarwari ga dattawa da kwamiti:

• A naɗa mutum ɗaya mai kula da babur, da mataimakinsa. Mace ma tana iya wannan aiki sarai.

• A sayi ɗan littafi. A rubuta ranar juye, irin man da aka zuba, kuɗin da aka kashe, da sunan duk wanda ya ɗauka.

• Mai ara da mai kula su duba geji tare kafin a fita, su sake dubawa bayan an dawo.

• A riƙa ware ɗan kuɗi kowane wata domin juye. Mai ara don harkar kansa ya saka wani abu a asusun.

• A ajiye gorar ciko da tsumma a wuri ɗaya da kowa ya sani.

• Kada babur ya kwana babu fetur ko da ƙarancin mai, domin ba a san daren da za a buga ƙofa ba.

NAZARIN LITTAFI MAI TSARKI

Ku karanta Matiyu 25:1-13. Yesu ya ba da misalin 'yan mata goma da suka fita taryar ango. Dukansu suna da fitila, dukansu kuma barci ya kwashe su da ango ya yi jinkiri. Bambancinsu ɗaya ne: biyar sun yi tanadin mai tun da rana, biyar ba su yi ba, kuma da tsakar dare lokacin saye ya riga ya wuce. Ainihin koyarwar misalin ita ce mu zauna a shirye domin dawowar Ubangiji. Amma mai shiri a babban abu yakan koyi shiri ne daga ƙananan abubuwa.

Ku kuma karanta Luka 16:10-12, inda Ubangiji ya yi magana a kan aminci cikin ƙaramin abu, da kuma riƙon kayan da ba namu ba. Babur ɗin ikkilisiya ya fito ne daga mudun hatsin gwauruwa da kuɗin ƙwadagon matasa. Wanda aka ba mabuɗinsa an ba shi amana.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Babura nawa ne a ƙauyenmu da za a iya dogara da su in ciwo ya tashi da dare? Nawa ne suke jingine, kuma me ya kashe su?

2. Wane ne ke duba man babur ɗin ikkilisiyarmu? Yaushe aka yi masa juye na ƙarshe?

3. Me ya sa mukan kula da namu fiye da na jama'a? Me Luka 16:12 ke koya mana a kan wannan?

4. Ina muke zubar da tsohon mai yanzu? Akwai rijiya ko wurin wasan yara kusa?

5. Za mu iya haɗa kuɗi mu sayi mai na gaske tare?

ABIN YI A WANNAN MAKO

Ranar Lahadi bayan sujada, duk mai babur ya kawo nasa filin majami'a. A gayyaci maƙwabtanmu Musulmi masu babura su ma su zo, domin hanya ɗaya muke bi, kuma a ranar wahala ba a tambayar babur ɗin wane ne. A roƙi bakaniken gari ya nuna matakan nan goma a kan babur guda. Sa'an nan kowa ya auna nasa sau biyu, a kan ƙafar gefe da kuma a miƙe, ya ga bambancin da idonsa. Mata da 'yan makaranta su ma su riƙe geji su gwada. A rubuta yawan baburan da aka samu mansu ya gaza da waɗanda nasu ya wuce kima, a gyara su a ranar. Bayan wata uku a sake taruwa a auna, a gani ko an sami canji. A rufe taron da addu'a domin dukan masu bin hanya.